Yadda mai nutso zai auna iskar da yake shaƙa a ƙarƙashin ruwa

Tambaya: Na koyi nutso da tukunyar iska a Hurgada, bakin Bahar Maliya a ƙasar Masar, kuma na yi nutso 15 bayan na karɓi takardar shaida. Kullum ni ne farkon wanda iskarsa ke yin ƙasa. A nutsona na ƙarshe na shiga da bar 200, na fito da 50, na yi minti 35. Na kai mita 22, amma kwamfutar nutso da ke hannuna ta nuna matsakaicin zurfi mita 14. Tukunyar haya ce ta alminiyom. Wani da muka shiga jirgi ɗaya ya yi minti 55 da bar 150 ɗin nan. Yaya zan auna iskar da nake ci, kuma nawa ne daidai?

Amsa: Malam, alƙaluman da ka kawo sun isa a fitar maka da lissafinka, amma ba su isa a gwada ka da mutumin jirgin nan ba. Bar awon matsi ne kawai, bai faɗi yawan iska ba. Wanda ya ce ya ci bar 150 kamar direba ne da ya ce motarsa ta sha rabin tanki: sai an san girman tankin da hanyar da ya bi kafin maganar ta yi ma'ana. A nutso, tankin shi ne girman tukunya, hanyar kuwa ita ce zurfi da lokaci.

Mu fara da tukunya. A kafaɗar kowace tukunya akwai rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, ciki har da alamar girmanta, da matsin da aka yarda a kai ta. Tukwanen ƙarfe na Turai galibi lita 10 ne, ko 12, ko 15, ana cika su zuwa bar 200 ko 232. Ta alminiyom ɗin da aka fi bayarwa haya a wuraren yawon buɗe ido ita ce wadda ake kira AL80, cikinta lita 11.1 ne, matsinta bar 207. Ma'aikatan jirgi da yawa suna kiran ta "lita 12" don sauƙin faɗa, kuma wanda ya ɗauki 12 ɗin nan ya yi lissafi da shi ya ƙara wa kansa kuskuren kashi 8 cikin 100 tun kafin ya taɓa ruwa. Ka duba da idonka. Da zarar ka san girmanta, kowane bar ɗaya a gejinka daidai yake da iska lita 11.1 idan aka sake ta a sarari. Bar 150 da ka ci sau 11.1 ya ba da lita 1,665. Ka raba da minti 35, ka samu lita 47.6 a minti.

Wannan adadi ba na huhunka ba ne tukuna, domin zurfi ya sa hannu a ciki. A bakin teku iskar sarari tana danne mu da kusan bar 1. Kowane mita 10 na ruwan gishiri yana ƙara bar 1 a kai. A mita 10 matsin ya zama bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Aikin regiletan da ke bakinka, irin wadda Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, shi ne ta ba ka iska a matsin ruwan da ke kewaye da ƙirjinka, in ba haka ba ƙirjin ba zai iya buɗewa ba. Huhunka yana cika da yawan da ya saba, amma iskar da ke cika shi a mita 30 a dunƙule take ninki huɗu. Wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662. Saboda haka numfashi ɗaya a mita 30 yana kwashe daga tukunya abin da numfashi huɗu za su kwashe a kan jirgi.

Hanyar cire zurfi daga lissafi ita ce ka raba zurfin da 10, ka ƙara 1. Naka matsakaicin mita 14 ne, wato 1.4, a ƙara 1 ya zama 2.4. Lita 47.6 a raba da 2.4 ya ba da 19.8. To ka ga adadinka: kusan lita 20 a minti idan a saman ruwa kake. A littattafan horo za ka ga ana kiran sa RMV, wasu kuma su ce SAC. Asali SAC yana nufin bar nawa a minti, wanda ke canzawa duk lokacin da ka canza tukunya, RMV kuma lita nawa a minti. Mutane sun cakuɗa sunayen biyu, don haka idan wani ya faɗa maka nasa, tambaye shi lita ne ko bar. Shawarata ka riƙe na lita, shi ne ke bin ka duk inda ka je.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko mantawa da ƙara 1 ɗin nan: wanda ya raba da 1.4 zai ga lita 34, hankalinsa ya tashi a banza. Na biyu ya fi haɗari, wato amfani da zurfi mafi nisa a maimakon matsakaici. Da ka raba da 3.2 na mita 22, da ka samu lita 15, ka ɗauka kai gwani ne, ka tsara nutso na gaba a kan adadin ƙarya, iska ta yanke maka inda ba ka zata ba.

Yanzu mu koma kan mutumin jirgi. Idan tukunyarsa irin taka ce kuma matsakaicin zurfinsa mita 12, yana cin kusan lita 14. Idan kuwa ta ƙarfe ce mai lita 15 ya ɗauka a zurfi irin naka, bar 150 ɗinsa lita 2,250 ne, lissafinsa ya fito 17, tazararku lita uku kacal. Ba ka san wanne ba ne, shi ya sa na ce kwatancen bai tsaya ba.

Lita 20 ga mai nutso 15 ba abin kunya ba ne, yana cikin abin da aka saba gani. Waɗanda suka daɗe suna yi, cikin ruwa mai ɗumi da kwanciyar hankali, galibi suna tsakanin 12 da 18. Sababbi sukan kai 20 zuwa 25, wani lokaci fiye. Girman jiki yana da nasa rabo: da wuya ƙaton namiji ya yi daidai da 'yar siririyar mace ko da ya ƙware, kuma maganinsa ya nemi tukunya mai lita 15, ba ya takura wa numfashinsa ba. Mutumin da ke cin 15 yana shawagi kuma zai iya haura 40 idan yana kokawa da igiyar ruwa ko tsoro ya kama shi. Wannan ya sa adadi ɗaya bai isa ba, ana so ka san naka a hali uku: kana hutawa, kana tafiya yadda ka saba, da kana aikin ƙarfi.

Ga yadda ake gwajin. Ka sami wuri marar igiya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa a mita 10, domin a nan rabawar da 2 ce, babu wahala. Ka tafi da abokin nutso da allon rubutu na ruwa. Idan kun sauka kada ka fara awo nan take. Ka ba da minti biyar, ka daidaita iskar rigarka, wato rigar da ake hurawa daga tukunya don ta riƙe mutum a ruwa, yadda ba ka nutsewa ba ka tashi, numfashin shigowa ruwa ya lafa, tukunya kuma ta yi sanyi daidai da ruwan. Daga nan sai awo, kuma a nan ne dabarar take. Yawancin littattafai suna cewa ka yi iyo na minti 10 ka duba bar nawa ka ci. Matsalar ita ce gejin allura zanensa na bar goma-goma ne, kuma kuskuren karatu na bar 5 abu ne mai sauƙi. A minti 10 za ka ci kamar bar 35. Idan ka kuskure da 5 a farko da 5 a ƙarshe, abin zai iya fitowa 25 ko 45, wato lita 14 ko lita 25. Wannan ba awo ba ne, canki-canka ce. Sai ka juya abin: ka jira har allura ta hau daidai kan zane, a ce 170, ka danna agogo, ka ci gaba da tafiyarka a mita 10, ka tsayar da agogo lokacin da ta hau kan 130. Agogo ba ya ruɗin ido kamar allura. A ce ya ɗauki minti 11: bar 40 sau 11.1 lita 444 ne, a raba da 11 ya zama 40.4, a raba da 2 ya zama 20.2. Ka kalli gejin kai tsaye, ba ta gefe ba, a karatun biyu. Ka maimaita kana riƙe da igiyar anga ba motsi, sannan ka sake yi kana buga ƙafa da ƙarfi. Na ƙarfin bar 20 ya isa, kuma ka dakata da zarar ka fara haki, kada ka kai kanka ga shaƙewa don neman lamba.

Gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne. Abin da ya fi shi amfani shi ne ka riƙa rubuta abu biyar bayan kowane nutso: girman tukunya, matsin shiga, matsin fita, mintuna, da matsakaicin zurfi. Ka ƙara da zafin ruwa, kaurin rigar roba, nauyin dalmar da ka ɗaura, da ko akwai igiya. Bayan nutso 10 ko 15 za ka ga inda adadinka ke zama, da ranakun da ya yi tsalle da dalilinsu. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna Subsurface, wadda Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro tsarin kwamfuta na Linux, ya fara rubutawa a 2011. Tana janyo bayanan nutso daga kwamfutar hannu ta yi maka lissafin, muddin ka shigar da girman tukunya da matsin farko da na ƙarshe daidai.

Akwai abubuwan da ke ɓata awon nutso gaba ɗaya, kuma zafi ne kan gaba. Matsin iska a rufaffiyar tukunya yana hawa da sauka tare da zafinta, kusan bar 0.7 kan kowane digiri ɗaya idan tana wajen bar 200. Tukunyar da ta sha rana a kan jirgi har ta kai digiri 40, geji na nuna 210, idan ta shiga ruwa mai digiri 24 za ta sauko zuwa wajen 200 ba tare da ka shaƙi ko ɗigo ba. Haka ma wadda aka cika da gaggawa a kwamfireso aka miƙo maka tana da ɗumi. Idan ka rubuta 210 a matsayin matsin shiga, ka ɗora wa huhunka laifin bar 10 da ba shi ya ci ba. Ka karanta geji bayan ka ɗan jima a ruwa, daf da sauka. Haka nan iskar da ka shaƙa a saman ruwa kana jiran sauran mutane, ko kana iyo zuwa jirgi bayan fitowa, kwamfuta ba ta ƙirga mintunanta ba, domin ba ta fara aiki sai ka ɗan nutse. Karatun ƙarshe a yi shi lokacin da kanka ya fito, ba bayan ka hau jirgi ba.

Sai yoyo. Zoben robar da ke tsakanin bawul da regileta, mahaɗar geji da tiyonsa, da maɓallin hura riga, nan ne kumfa ta fi fitowa. Gwajinsa a kan jirgi: ka buɗe bawul, ka karanta geji, ka rufe, ka bar shi minti biyu ko uku. Iskar da ke cikin tiyo kaɗan ce, don haka ko ƙaramin yoyo zai sa allura ta sauka a fili. Amma ka tabbata ka sake buɗe bawul ɗin har ƙarshe, domin an rasa rayuka ta wannan mantuwar: geji na nuna 200, mutum ya faɗa ruwa, numfashi uku iska ta ɗauke. Kafin shiga ka ja numfashi mai ƙarfi sau uku ko huɗu idonka na kan allura. Idan tana rawa ko tana sauka, bawul a rufe yake ko rabi aka buɗe. Gejin da ba ya komawa sifili idan aka sauke matsi kuwa, a ajiye shi gefe a kai gyara. Siririyar kumfa daga mahaɗar geji ba ta cin iska mai yawa, saboda ƙofar da ke ba wannan tiyo iska ƙanƙanuwa ce kamar bakin allura. Abin da ke kwashe tukunya cikin 'yan mintuna shi ne regiletan da ta maƙale a buɗe, ko fashewar tiyon da ke kawo iska baki.

Mutane suna yawan ɗora laifi a kan hura riga. Gaskiya hurawa ɗaya ba wani abu ba ce: lita 4 a mita 20 daidai yake da lita 12, bar ɗaya ke nan. Ɓarnar tana zuwa ne ga wanda yake hurawa yana sacewa tun daga farkon nutso har ƙarshe, kuma ko shi, wahalar hawa da saukar ce ta fi cin iskarsa fiye da abin da ya zuba a rigar.

Abu biyu kuma na masu son lissafi ya fita tsaf. Iska ba ta bin ninkawar nan daidai idan matsi ya yi yawa sosai. Har zuwa bar 200 bambancin kaɗan ne, ana iya kau da kai. A bar 300 kuwa tukunya tana ɗauke da kusan kashi 10 cikin 100 ƙasa da abin da lissafi ya nuna: mai lita 12 ba lita 3,600 ke cikinta ba, wajen 3,300 ne. Shi ya sa allura ke saurin faɗuwa a farkon nutso da irin wannan tukunya, kuma shi ya sa gwajin da na kwatanta ya fara daga 170. Na biyu, ruwan daɗi ya fi na teku sauƙi, sai an yi mita 10.3 ake samun bar 1. Wanda zai yi aiki a dam irin Tiga ko Kainji ya saita kwamfutarsa a kan ruwan daɗi. A kan tudu kuma 1 ɗin da ake ƙarawa yana raguwa: a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iskar sarari wajen bar 0.88 ce, don haka a mita 10 cikin tafki za a raba da 1.85 ne. Nutso a irin wannan tsayi yana da nasa ƙa'idojin fitar da naitirojin daga jiki, sai da horo na daban. Idan kuma ka haɗu da Amurkawa, su da psi da ƙafa suke awo: bar 1 psi 14.5 ne, ƙafa 33 daidai da mita 10, kuma lita 20 ɗinka a wurinsu 0.7 ne na ma'aunin da suke kira "cubic foot", wanda kowane ɗaya lita 28.3 ne.

Amfanin sanin adadin shi ne ka juya lissafin baya kafin ka shiga ruwa. Lita 20 a mita 18, inda matsi yake 2.8, ya zama lita 56 a minti, a tukunyarka bar 5 ke nan kowane minti. A mita 30 lita 80 ne, bar 7 da ɗoriya. Abin da ya fi sauƙin riƙewa a ka shi ne na minti biyar-biyar: bar 18 a mita 10, bar 25 a mita 18, bar 36 a mita 30. Ka rubuta su a allonka. Daga nan ka koyi yin hasashe kafin ka duba geji: na yi minti 10 a mita 18, ya kamata in ga 150. Idan ka duba ka ga 150, madalla. Idan ka ga 125, wani abu ya canza, ko yoyo, ko igiya, ko ka zurfafa ba ka sani ba, ko hankalinka ba a kwance yake ba, kuma ka gano shi tun da sauran iskar gyarawa.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali. An koya maka ka fito da bar 50, kuma jan zanen da ke kan geji ma daga nan yake farawa. Wannan ƙa'idar tana faɗin abin da za ka iso sama da shi ne, ba ta faɗa maka lokacin da za ka bar ƙasa ba. Tambayar da ta dace ita ce: idan iskar abokina ta ɗauke a wuri mafi zurfi, a minti mafi muni, nawa muke bukata mu biyu mu hau lafiya daga tukunyata? Mu lissafa a mita 30. Mutum biyu a firgice, a ba kowa lita 30, jimla 60 a minti. Minti ɗaya a ƙasa ana miƙa regileta ana daidaitawa: 60 sau 4, lita 240. Hawa daga mita 30 zuwa 5 a kan mita 9 a minti, kusan minti uku, matsakaicin zurfi 17.5, matsi 2.75: lita 495. Tsayawar kariya ta minti uku a mita 5, matsi 1.5: lita 270. Minti ɗaya na ƙarasawa sama: lita 75. Jimla lita 1,080, a tukunya mai 11.1 bar 97 ke nan. Ka ƙara aƙalla 10, domin regileta tana bukatar matsin da ya ɗara na ruwa da kusan bar 10 kafin ta ba da iska yadda ya kamata, kuma geji ba abin amincewa ba ne a can ƙasa. Sakamako: a mita 30, da allura ta kai 110 lokacin tashi ya yi. Wanda ya zauna a can har 50 ba shi da abin da zai ba kowa.

Ka ga abin da wannan ya bar maka: bar 90 tsakanin 200 da 110, a kan bar 7.2 a minti, wajen minti 12 har da lokacin sauka. Teburin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ya ba da minti 20 a mita 30 kafin a shiga tsayawar dole a hanyar hawa don fitar da naitirojin da ya taru a jiki, amma iskarka ba za ta kai ka can ba. A mita 18 irin wannan lissafi yana fitar da kusan lita 700, da ƙarin ya zama bar 75 zuwa 80. Bar 120 da suka rage, a kan 5 a minti, minti 24 ne, alhali teburin ya ba da 56. Ba wai nutson ya ƙare a nan ba ne. Idan wurin yana da gangare, kamar yawancin duwatsun murjani na Bahar Maliya, sai ka hau zuwa mita 10 ko 8, inda ajiyar da ake bukata ta ragu, ka ci gaba da kallonka. Kuma tsarin rukuni yana bin wanda ya fi kowa cin iska da wanda tukunyarsa ta fi ƙanƙanta. Masu shiga kogo ko cikin jirgin da ya nutse, inda ba a iya tashi kai tsaye, suna bin ƙa'idar kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya. Ita ma sai an mai da ta lita idan tukwanen ba girma ɗaya ba ne.

Kwamfutocin da ke karɓar matsin tukunya ta na'urar da ake ɗaurawa a regileta suna karanta bar ɗaya-ɗaya, don haka sun fi allura kyau wajen awo. Amma mintunan da suke nuna sun rage maka an gina su ne a kan yadda kake numfashi yanzu, a zurfin da kake yanzu, kai kaɗai. Ba su san da abokinka ba.

Game da rage ci, abin da ke tura numfashi shi ne iskar kabon dayoksaid da jiki ke samarwa idan tsoka tana aiki, ba ƙarancin oksijin ba. Shi ya sa naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 ko 36, ba ta sa tukunya ta daɗe. Amfaninta rage naitirojin ne. Shi ya sa kuma riƙe numfashi tsakanin shaƙa da fitarwa don tattali dabara ce marar kyau: kabon yana taruwa, ya kawo ciwon kai bayan nutso, ya ƙara mayen zurfi, daga baya jiki ya rama da haki, abin da aka tara ya zube. Riƙe numfashi ana hawa kuwa yana iya yaga huhu, tunda iskar da ke ciki tana ninka girmanta daga mita 10 zuwa sama. Ka shaƙa a hankali har ciki, ka fitar a hankali har ƙarshe, kada ka tsaya a tsakani. A zurfi iskar kanta tana yin kauri, ja da turawarta aiki ne. Binciken Gavin Anthony da Simon Mitchell da aka wallafa a 2016 ya ba da shawarar kada kaurin iskar shaƙa ya wuce giram 5.2 a lita, iyaka 6.2. Iskar sarari tana kai na farkon a wajen mita 30, na biyun kafin mita 40.

Hanyar rage ci ta gaskiya ita ce rage aiki. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma turjiyarsa tana ninkawa huɗu idan ka ninka gudunka biyu. Sannu ba ta hana zuwa, a ruwa ma ita ce ke kai mutum nesa. Hannuwa a naɗe a ƙirji, ƙafa kaɗai ke aiki, geji da regileta ta biyu a maƙale a jiki ba suna reto ba. Sanyi ma yana ci, domin ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu, kuma Hurgada da hunturu ruwanta yana sauka wajen digiri 22. Mai rawar ɗari a rigar roba mai kaurin milimita 3 zai ga bambanci a gejinsa idan ya koma mai 5.

Amma idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da zan fara dubawa a wurin mai nutso 15, dalma ce. Ana yawan ɗora wa ɗalibai fiye da bukatarsu don su zauna a ƙasa lokacin darasi, su kuma su ci gaba da ɗaukar wannan nauyin shekara da shekaru. Dalmar da ta yi yawa tana jan ƙugu ƙasa, sai a hura riga don a rama, rigar ta ɗaga kafaɗu, mutum ya riƙa tafiya a karkace yana ture ruwa da ƙirji da cinyoyi, rabin bugun ƙafarsa na hana shi nutsewa ne kawai. Gwajin a ƙarshen nutso ake yin sa, saboda iskar da ka shaƙe tana da nauyi: lita 1,665 kusan kilo 2 ne, tukunyar ta fi sauƙi da wannan adadin. A mita 5, da bar 50 a tukunya, ka sace iskar riga gaba ɗaya, ka daina motsa ƙafa, ka yi numfashi yadda ka saba. Idan ka tsaya cak, nauyinka daidai ne. Idan ka nutse, miƙa wa abokinka kilo ɗaya ka sake gwadawa. Ka rage kilo ɗaya-ɗaya, kada ka zubar da uku a tashi ɗaya, kuma ka rubuta abin da ka samu tare da irin tukunya da rigar roba, domin Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, nauyin da ya yi maka daidai a can zai yi maka yawa a wani wuri, balle a ruwan dam. Bayan ka gyara dalmar, ka koma mita 10 ka sake gwajin 170 zuwa 130, ka ajiye sabon adadin kusa da 20 ɗin yau.